Darasi na Goma Sha Huɗu: Ciwon Sanyi da Cututtukan da Ke Bin Jini

Darasin yau na magidanta ne da matan aure, da zawarawa, da samari da 'yan matan da ke shirin aure. Za mu ambaci gaba, da saduwa, da abin da ke fita daga jikin namiji da na mace, kuma ba za mu yi kwana-kwana ba. Malaman zaure ba sa tsallake babin janaba da na haila don suna jin nauyin almajiransu. Mu ma ba za mu tsallake wannan babi ba, domin mutane da yawa sun rasa lafiya, wasu sun rasa haihuwa, wasu har rai, saboda abin da aka ji kunyar gaya musu.

Abin da ake so ɗalibi ya riƙe shi ne wannan: ciwon sanyi, wanda yawancinmu muka raina, muke ganin kafso biyu daga kemis sun ishe shi, yana sauƙaƙa wa ƙanjamau da ciwon hanta shiga jikin mutum a lokacin saduwa. Duk wanda aka samu da sanyi irin na saduwa, aikinsa bai ƙare a shan magani ba. Akwai gwajin jini a gabansa, akwai kuma abokin kwanciyarsa da shi ma ke bukatar magani.

Ƙwayoyi uku masu bin jini

A cikin ƙwayoyin cuta akwai wani jinsi mai ƙanƙanta ƙwarai da ake kira bairas. Kafso da allurar da ke kashe ƙwayoyin taifot ko na gyambo ba sa yi masa komai. Iri uku daga wannan jinsi ne suka shafe mu yau, domin a cikin jini suke zama, daga nan kuma suke wucewa jikin wani: ta allurar da aka yi wa mutum biyu, ta askar wanzami ko rezar mai yankan farce da ba a sauya ba, ta ƙarin jinin da ba a tantance ba, daga uwa zuwa jariri, sannan ta saduwa.

Na farko shi ne HIV, mai kawo ƙanjamau, wanda a Nijar aka fi sani da sida. Aikinsa karya garkuwar jiki. Sauran biyun hanta suke kamawa, ana kiransu ciwon hanta nau'in B da nau'in C. Sukan zauna shiru shekara ashirin ko talatin suna cin hanta sannu a hankali. Mutum yana nomansa, yana kasuwarsa, yana aure yana haihuwa, sai wata rana ciki ya kumbura, idanu su yi ɗorawa, a asibiti a ce masa hanta ta ƙandare ko daji ya kama ta.

Jama'a sun fi tsoron ƙanjamau, amma alƙaluma sun nuna ciwon hanta ya fi kusa da mu. A shekarar 2018 an yi babban bincike a duk faɗin Nijeriya, aka bi gida-gida ana ɗaukar jini. An samu HIV a jikin kashi 1.4 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 49. Ciwon hanta nau'in B kuwa an same shi a jikin kashi 8.1 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 64, wato kusan mutum ɗaya cikin goma sha biyu, kuma maza sun fi mata. Nau'in C ya tsaya a kashi 1.1. Bisa wannan lissafi, ajin da ke da ɗalibai 24 ba abin mamaki ba ne a samu biyu masu nau'in B a cikinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 mutum miliyan 254 ne ke ɗauke da nau'in B a duniya, miliyan 50 kuma da nau'in C. Cikin masu nau'in B ɗin, kashi 13 cikin 100 kacal aka taɓa gwadawa aka gano.

Ukun nan ba ƙarfinsu ɗaya ba wajen yaɗuwa. Nau'in B ya fi HIV saurin kama mutum sau 50 zuwa 100, kuma yana iya yin mako guda, ko fiye, a busasshen jini a kan aska bai mutu ba. Yana cikin maniyyi da ruwan gaban mace, don haka saduwa babbar hanya ce gare shi. HIV ma yana cikin waɗannan ruwaye, sai dai bai kai B kaifi ba. Nau'in C shi ne mai wuyar bin wannan hanya, galibi sai jini ya haɗu da jini.

Sanyi iri-iri ne

Mace takan ce da ma'aikaciyar jinya, "Sista, sanyi ke damuna." Namiji kuma ya ce da likita fitsari ke yi masa zafi. Abin da ke ƙarƙashin wannan ƙorafi ba cuta ɗaya ba ce. Akwai ƙaiƙayi da farin ruwa mai kauri da mata ke samu, musamman masu ciki, da masu ciwon suga, da waɗanda suka sha kafso da yawa. Wannan ba sai an yi saduwa ake samunsa ba, har budurwar da ba ta san namiji ba tana iya yi. A san da haka don a daina zargin mata a banza.

Waɗanda muke magana a kansu su ne waɗanda saduwa ce hanyarsu. Gonoriya takan sa namiji fitar da mugunya da zafin fitsari cikin 'yan kwanaki, amma a jikin mace sau da yawa ba ta nuna alamar komai. Wata 'yar'uwarta da likitoci ke kira kilamidiya ta fi ta iya ɓuya. Su biyun idan aka bar su sukan haura mahaifa, su toshe hanyar da ƙwai ke bi, mace ta yi ta fama da ciwon mara, ta kasa ɗaukar ciki ko ciki ya zauna a wajen mahaifa. Gidaje nawa ne aka yi ta yawon neman haihuwa, ana ɗora laifi a kan iska ko kishiya, alhali tushen abin sanyi ne da ba a yi wa magani ba? Sai tunjere, wanda ke farawa da ƙurji guda marar zafi kimanin mako uku bayan saduwa. Ƙurjin yakan warke da kansa, mutum ya yi hamdala, alhali ƙwayar ta riga ta shiga jini, kuma a jikin mai ciki tana jawo ɓari da haihuwar jariri ba rai. Akwai kuma hapis, ƙananan ƙuraje masu ɗurar ruwa da ke fashewa su zama miki mai raɗaɗi, su ɓace, bayan wani lokaci su dawo. Shi bairas ne, ba ya barin jiki, sai dai magani ya kwantar da shi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 an samu sababbin kamuwa miliyan 374 da cututtukan saduwa huɗu masu jin magani, wato sama da miliyan ɗaya kowace rana.

Maganar da ta yaɗu cewa a ban ɗaki ake kwasar gonoriya ko tunjere ba ta da tushe. Magana ce da ke rufa wa kowa asiri, shi ya sa ake son ta, amma tana da tsada: idan an yarda masai ne ya jawo, mace kaɗai za a yi wa magani, maigida ya ci gaba da zama da cutar.

Yadda hanya ke buɗewa

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Fatar da ta lulluɓe gaban namiji da cikin gaban mace, idan lafiyarta ƙalau, kariya ce babba. Ba kowace saduwa da mai ɗauke da bairas ke kai ga kamuwa ba. Shi ya sa ake samun ma'auratan da suka shekara tare, ɗaya yana da HIV, ɗaya bai kamu ba. Sanyi ne ke lalata wannan kariya.

Mafi bayyana shi ne miki. Ƙurjin tunjere ko mikin hapis wuri ne da fata ta ɗaye, jijiyoyin jini ƙanana suna a fili. Maniyyi ko ruwan mace mai ɗauke da bairas ya taɓa wurin, babu abin da zai tare shi. Wani mikin yana can ciki, a bakin mahaifa, mace ba ta ganinsa, ba ta kuma jin zafinsa. Binciken da aka yi a ƙasashe da dama ya nuna mai hapis a gabansa ya fi wanda ba shi da shi haɗarin kamuwa da HIV kusan sau uku.

Gonoriya da kilamidiya ba sa yin miki, amma suna kumbura wurin. Duk inda cuta ta kama, jiki yakan tura fararen ƙwayoyin jini, waɗanda su ne masu yaƙi da cuta, su taru a can. To, HIV ba abin da yake nema kamar irin waɗannan ƙwayoyi, a cikinsu yake shiga ya hayayyafa. Ka ga ke nan kumburin ya tara masa ainihin abin da yake bukata, a daidai wurin da zai sauka. Bayan haka kumburarren bakin mahaifa yana saurin zubar da jini idan an taɓa shi, ko da ɗan kaɗan ne wanda ido ba ya gani. Ga nau'in B, ɗan kaɗan ɗin nan ya wadatar.

Wannan ta ɓangaren mai ɗauka ke nan. Ta ɓangaren mai bayarwa ma sanyi yana aiki. A wani bincike da aka yi a ƙasar Malawi aka wallafa a 1997, an auna maniyyin maza masu HIV. Waɗanda ke da sanyin mafitsara an samu ƙwayar HIV a maniyyinsu ta ninka ta waɗanda ba su da sanyi kusan sau takwas. Da aka ba su maganin sanyin, cikin mako biyu adadin ya sauka sosai, ba tare da an ba su maganin HIV ba. A lura da wannan da kyau: warkar da sanyin mutum ɗaya kariya ce ga duk wanda zai kusance shi.

Ba sanyi kaɗai ke raunata fatar ba. Abubuwan matsi da wasu mata ke cusawa, irin su alif da haɗe-haɗen da ake sayarwa ba a san abin da ke ciki ba, suna busar da wurin, saduwa ta zo da gurzuwa da tsagewa. Saduwa lokacin haila da saduwa ta dubura, waɗanda dama addini ya hana, suna haɗa mutum da jini kai tsaye. Haka fyaɗe, haka kusantar yarinyar da jikinta bai gama ƙwari ba. Tsargiya ma, wadda muka sani da fitsarin jini a wajen yaran da ke wanka a rafi da madatsun ruwa, tana yi wa mata miki a cikin gaba da bakin mahaifa, a ɗauka sanyi ne.

Wani zai ce ai mu muna da kaciya. Gaskiya ne gwaje-gwajen da aka yi a Afirka ta Kudu da Kenya da Yuganda, aka wallafa tsakanin 2005 da 2007, sun nuna kaciya tana rage wa namiji haɗarin ɗaukar HIV daga mace da kimanin kashi 60 cikin 100. Ragewa ce, ba kawarwa ba, kuma kada mai kaciya ya dogara da ita a kan ciwon hanta. Kaciyar ma idan an yi ta da aska ɗaya ga yara goma, ita kanta hanyar cuta ce.

Abin da aka gani a Mwanza

A farkon shekarun 1990 masu bincike sun ɗauki garuruwa 12 a yankin Mwanza na ƙasar Tanzaniya, a gefen tafkin Biktoriya. A shida daga ciki aka horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci kan gane sanyi da alamunsa, aka tabbatar magani ba ya yankewa, aka kuma riƙa wayar da kan jama'a su zo da wuri. Sauran shidan aka bar su yadda suke na ɗan lokaci. Bayan shekara biyu aka kwatanta. Sakamakon da ya fito a 1995 ya nuna sababbin masu kamuwa da HIV sun ragu da kimanin kashi 40 cikin 100 a garuruwan da aka gyara maganin sanyi. A lokacin babu maganin ƙanjamau a garuruwan. Maganin sanyi ne kawai.

Bayan 'yan shekaru aka yi wani gwaji a Rakai ta Yuganda, inda aka riƙa raba wa kowa maganin sanyi lokaci-lokaci, mai alama da marar alama. Sanyi irin su tunjere ya ragu, amma kamuwa da HIV bai ragu ba. Ɗaya daga bayanan da masana suka bayar shi ne a Rakai ƙanjamau ya riga ya yi katutu, kuma yawancin mikin da ke wurin na hapis ne, wanda kafso ba ya warkarwa. Mun kawo duka biyun don kada ɗalibi ya tafi da rabin magana. Maganin sanyi yana da amfani ƙwarai, amma bai maye gurbin gwaji da rigakafi da kame kai ba.

Ciwon hanta ba shaidar zina ba ne

A nan sai mu tsaya, domin aure da yawa ya mutu a kan rashin sanin wannan. Duk da cewa nau'in B yana bin saduwa, yawancin masu ɗauke da shi a Afirka tun suna yara suka samu, ko daga uwa lokacin haihuwa, ko cikin shekarun farko ta hanyar raunuka, da tsaga, da ƙaho, da cire beli, da allurai. Dalili kuwa shi ne jaririn da ya kamu, kusan tara cikin goma cutar takan zauna masa har abada. Babban da ya kamu, jikinsa yakan kore ta cikin watanni, ƙasa da kashi 5 cikin 100 ne take zaunar musu. Saboda haka idan an gwada amarya ko ango aka samu nau'in B, mafi rinjaye shi ne abu ne da ya taso da shi bai sani ba. Wanda ya jefe shi da zargi ya ɗauki alhaki.

Wannan ba ya nufin babba ya saki jiki. Wanda ya ɗauka ta saduwa yana iya kwanciya da shawara mai tsanani wata ɗaya zuwa shida bayan kamuwa, wasu kaɗan hantarsu takan tsaya gaba ɗaya. Kuma a tsawon watannin da cutar ke jikinsa yana iya ba matansa, mai ciki a cikinsu kuma ta ba jariri, wanda shi ne zai ɗauki nauyin har tsufansa.

A daina kuma ware wa mai ciwon hanta kwano da kofi. Cin abinci tare, gaisawa, gumi, tari da cizon sauro ba sa yaɗa B ko C. Uwa mai nau'in B tana shayar da jaririnta, muddin an yi masa rigakafi. Abin da ba a haɗawa shi ne reza, da aska, da buroshin haƙori, da asuwaki, da abin yankan farce.

Nau'in C kuwa, a wani bincike da aka yi a Amurka kan ma'aurata 500 da ba sa neman kowa a waje, aka wallafa a 2013, an ƙiyasta cewa kamuwa ta saduwa ba ta wuce sau ɗaya cikin saduwa 190,000 ba. Ƙasar Masar, wadda ta taɓa zama kan gaba a duniya a yawan masu nau'in C, ta hanyar allurai ta same shi, lokacin da aka yi ta yi wa jama'a allurar tsargiya da sirinjin da ba a tafasa da kyau ba. Amma lissafin ma'auratan nan yana sauyawa idan miki ya shigo, ko jini, ko yawan abokan kwanciya, musamman ga mai HIV. Abin da ba ya iya wuce lafiyayyar fata yana wuce wadda ta ɗaye. Shi ya sa nau'in C ma yake cikin gwajin da ya kamata mai sanyi ya nema.

Gida ɗaya, magani ɗaya

Mu ɗauka ga magidanci mai mata biyu. Ya ga mugunya, ya ji kunyar asibiti, ya biya ta kemis da daddare aka ƙirga masa kafso na kwana biyu gwargwadon kuɗinsa. Mugunya ta tsaya, ya ɗauka ya warke. Bai gaya wa kowa ba. Uwargida ba ta ga alama ba, amarya ma haka, amma dukansu sun ɗauka. Bayan mako uku abin ya dawo masa, ya ce maganin ne ba shi da kyau, ya sauya kemis. Haka cutar za ta yi ta zagaye ɗakunan nan uku shekara da shekaru, kuma duk tsawon lokacin jikin mutum uku a buɗe yake ga duk bairas ɗin da ɗayansu ke ɗauke da shi.

Akwai ɓarna ta biyu a cikin wannan ɗabi'a. Shan rabin magani yana koya wa ƙwayar cuta jure magani. Gonoriya ta riga ta bijire wa magunguna da yawa da a da suke kashe ta, har ya zamana yanzu allurar seftiriyazon ce aka fi dogaro da ita. Tunjere kuwa har yau allurar fenisilin mai daɗewa a jiki tana warkar da shi. Ma'aikacin lafiya ne zai san wanne ya dace da wanne.

Ƙa'idar ita ce a yi wa kowa magani lokaci guda, mai alama da marar alama, a kuma dakatar da kwanciya har kwana bakwai bayan kowa ya sha nasa. Abin da ke da wuya shi ne buɗe baki. Ba sai an yi doguwar magana ba. Maigida yana iya cewa, "Maman yara, na je asibiti an ce ina da sanyi, kuma likita ya ce sai an duba mu duka, har da amarya. Gobe in Allah ya kai mu sai mu tafi tare." Mace kuma ta ce, "Malam, a wajen awo an ba ni wannan takarda in kawo maka. Sun ce maganina ba zai yi amfani ba sai kai ma an duba ka." Macen da ke tsoron faɗa ko duka ta gaya wa ma'aikaciyar jinya, su san yadda za su kira maigidan da kansu. Namijin da ya san daga inda ya kwaso cuta, ya kuma bar matarsa tana shan jiƙo tana zargin kanta, ya ci amanar aure sau biyu.

Gwaji, rigakafi da magani

Duk wanda aka tabbatar masa da sanyin saduwa ya nemi a gwada jininsa don HIV, da hanta B, da hanta C, da tunjere. Gwaje-gwajen gaggawa ne, da ɗigon jini daga yatsa, cikin mintuna ake samun sakamako. Idan saduwar da ake shakka ba ta daɗe ba, a sake gwajin HIV bayan wata uku, domin sabuwar kamuwa ba ta bayyana nan take. Wadda aka yi wa fyaɗe, ko wanda ya sadu da mai HIV ba kariya, ya garzaya asibiti kafin awa 72 su cika. Akwai maganin da ake sha kwana 28 don hana ƙwayar zama.

A cikin ƙwayoyi ukun masu bin jini, nau'in B ne kaɗai ke da allurar rigakafi, kuma tana da ƙarfi ƙwarai. Babba allura uku yake karɓa: ta farko, ta biyu bayan wata ɗaya, ta uku a wata na shida. Sai a 2004 Nijeriya ta sa ta cikin rigakafin yara, don haka wanda aka haifa kafin wannan shekara, in dai bai je da ƙafarsa ya nema ba, ba a yi masa ba. Jariri kuwa ana so a yi masa ta farko cikin awa 24 da haihuwa, sauran su biyo a mako na 6 da na 10 da na 14. Wadda ta haihu a gida, a ɗauki jaririn a kai shi asibiti a ranar, kada a jira suna.

A watan Mayun 2024 gwamnan Kano, Abba Kabir Yusuf, ya sa hannu a kan dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, ciki har da HIV da ciwon hanta da rukunin jinin sikila. Mataki ne mai kyau, amma a fahimci amfaninsa. Idan an samu ɗaya da nau'in B, ɗayan kuma ba shi da shi, ba lalle a fasa aure ba. Marar cutar ya kammala allurarsa uku, a yi amfani da kwaroron roba har ya gama, duk jaririn da aka haifa a yi masa tasa a ranar haihuwa. A kuma tuna takardar gwaji shaidar ranar da aka yi ta ce kawai. Idan za a ƙara aure, ko an yi kome bayan rabuwa, sai a sake.

Kwaroron roba yana tare maniyyi da ruwan gaba, don haka yana kare mutum daga ukun nan da gonoriya da kilamidiya. Mikin da ke wajen inda ya rufe shi ne ba ya iya tarewa, saboda haka mai ƙurji a gaba ya haƙura da kwanciya har a duba shi.

Wanda gwaji ya nuna yana da ɗaya daga cikinsu, duniya ba ta ƙare masa ba. Nau'in C yana warkewa: ƙwayoyin sha na kimanin mako 12 suna warkar da sama da kashi 95 cikin 100. Nau'in B ba ya fita gaba ɗaya idan ya zauna, amma magani irin su tenofobiya yana danne shi ya kare hanta, kuma ba kowa ke bukatar sha ba, likita ne zai auna. Mai shi ya nisanci giya, da jiƙe-jiƙen da ba a san haɗinsu ba, da gyaɗa ko masarar da ta yi funfuna, domin gubarta tana haɗuwa da cutar ta kawo dajin hanta. Mai HIV da ya dage da shan maganinsa kullum har ƙwayar ta daina bayyana a gwajin jini ba ya ba abokin aurensa ta saduwa. Wanda ke da HIV da nau'in B tare kada ya yanke magani da kansa, domin hanta na iya tashi da ƙarfi.

Tattaunawa a aji

Ɗalibai su rabu, maza daban mata daban, su tattauna waɗannan:

1. Me ya sa ake yi wa matar da ba ta da wata alama magani idan an samu mijinta da sanyi?
2. An gwada wata budurwa kafin aure aka samu ciwon hanta nau'in B, dangin ango suna ƙunƙuni. Me za ka gaya musu?
3. A unguwarku, me ke hana maza zuwa asibiti da irin wannan ciwo, kuma wa suke jin maganarsa?

Aikin gida

Kafin darasi na gaba kowane ɗalibi ya je asibitin da ya fi kusa da shi ya tambayo abu uku: ko ana gwajin ciwon hanta, nawa ne kuɗinsa, da kuma inda manya ke samun allurar rigakafinsa. Ya rubuta amsoshin a littafinsa ya kawo aji. Mai ƙananan yara ya ɗauko katin rigakafinsu ya duba ko an cike gurbin allurar hanta ta ranar haihuwa. Wanda bai iya gane wurin ba ya zo da katin, malami zai nuna masa.